Wane Makaɗi Ya Dace Da Ɗan Leƙen Asiri?

A watan Fabrairu na 1925 babu wanda ya san Jems Bond, domin sai a 1953 Ian Fleming, wani Bature da ya yi aikin asiri a rundunar jiragen ruwan Ingila, ya fitar da littafinsa na farko. Amma a watan Fabrairu na 2025, da aka ba da labari cewa kamfanin Amazon na Amurka ya karɓi ragamar shirya finafinan wannan ɗan leƙen asiri daga hannun gidan Broccoli, waɗanda su ka riƙe shi fiye da shekara 60, sai duniya ta ɗauka da surutu. Abu biyu a ke gardama a kai. Na ɗaya, wa zai fito a matsayin Bond. Na biyu, wa zai rera waƙar buɗe fim. Wannan gardama ta biyu ta iso har Sakkwato, ta shiga majalisun malaman makaranta da akawunan ofis, sai dai mutanenmu sun juya ta yadda ta fi daɗi. Su tambayarsu ita ce: da a ce makaɗan ƙasar nan za a ba aikin, wa ya cancanta?

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ne kurum. Ƙasar Sakkwato, watau tsohon lardin da ya haɗa har da Kabi da Zamfara, ita ce rumbun makaɗan Hausa, kuma a nan kowace sana'a da makaɗinta. Sarki da nasa, manomi da nasa, mahauci da ɗan dambe da maharbi kowa da nasa. Saboda haka in an tambayi Basakkwace makaɗin da ya dace da Bond, an tambaye shi ke nan ko Bond wane irin mutum ne.

Bari mu fara da yadda Turawa su ka tsara abinsu. Kiɗan Bond iri biyu ne. Akwai wani ɗan gajeren kiɗa na molon Turawa da ƙahonni wanda Monty Norman ya tsara, John Barry ya gyara shi, aka sa a fim na farko, Dr. No, a 1962. Da an ji shi an san Bond ya iso. Wannan shi ne abin da mu ke kira take, kamar yadda a ke kaɗa taken ɗan dambe tun bai shigo fage ba, jikinsa ya ɗauki tsuma. Wani abin dariya, Norman ya ɗauko muryar ne daga wata waƙa mai salon Indiya da ya taɓa yi wa wani wasa wanda ba a nuna ba. Ashe ba mu kaɗai ne masu aron kiɗan Indiya ba.

Na biyu kuwa ita ce waƙar da a ke yi wa kowane fim tasa, minti 3 ko 4, a bakin mawaƙin da ya yi tashe a wannan zamani. A cikin finafinai 25 an ji muryar Tom Jones a 1965, da Louis Armstrong a 1969, da Paul McCartney a 1973, da Madonna a 2002. Uku na ƙarshe, watau Adele a 2012, da Sam Smith a 2015, da Billie Eilish a 2021, duk sun ci kyautar Oska. Amma wadda ta kafa tuta, har a ke auna kowa da ita, ita ce Shirley Bassey. Ita kaɗai ta yi waƙa uku: Goldfinger a 1964, Diamonds Are Forever a 1971, da Moonraker a 1979. An haife ta a Kadif a 1937, ubanta kuwa ɗan Nijeriya ne. To, kun ga ashe da haƙƙinmu a cikin zancen.

Kuma ba girman suna ke sa a ba mutum ba. Johnny Cash ya aika da tasa domin fim ɗin 1965, ba a karɓa ba. Ƙungiyar Radiohead ta yi ta 2015, aka ce ta cika baƙin ciki, aka mayar musu. Abin da a ke nema shi ne murya mai cika ɗaki, da waƙa mai sa gaban mutum ya faɗi tun ba a harba bindiga ba.

Masu ra'ayi na farko a nan gida sun ce, in dai murya da nauyin magana a ke so, ai ba sai an yi nisa ba, a je fada. Su kan kawo Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun wanda ya rasu a 1991. Sun fi kafewa a kan Narambaɗa. Hujjarsu ita ce waƙarsa ta Dokin Iska: wanda ya iya sa mai sauraro ya ga gudun doki da kunnensa, mota mai tashi sama ba za ta gagare shi ba. Sun kuma ce ba yabo kaɗai a ke yi a waƙar Bond ba. Ta Goldfinger ma ba Bond a ke yi wa ba, abokin gabansa a ke siffantawa, ana jan kunnen mutane game da shi, watau zambo ke nan da habaici. Wa ya kai makaɗin fada iya zambo ga mai ja da sarki?

Hujja ce mai kyau, amma mu ba mu karɓe ta ba. Taushi da kotso ba a kaɗa wa kowa su. Makaɗin fada jarinsa asali ne: wane ɗan wane jikan wane, ga garin da kakansa ya ci, ga gidan da ya gada. Bond fa? Maraya ne, lamba gare shi, 007, shugabansa ma harafi ɗaya a ke kiransa da shi. Bara ne a ke aike, ba mai sarauta ba. Banda wannan, aikin maroƙi shi ne ya bayyana mutum a bainar jama'a, aikin ɗan leƙen asiri kuwa ya ɓuya. Ranar da Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa su ka tsaya a ƙofar masaukinsa su ka ɗaga murya, ranar aikinsa ya ƙare.

Ra'ayi na biyu shi ya fi tayar da ƙura. Waɗannan sun ce a daina kewaye-kewaye. Mutumin da ke fita da dare, ya sake kama, ya haura katangar wani, ya buɗe akwatin da ba nasa ba, ya kwashe abin da ke ciki, in an tare shi ya yi kisa, mun san sunan sana'arsa, mun kuma san makaɗanta: Kassu Zurmi, mai kiɗan 'yan tauri da mafarauta da mazan dare, da Gambu na Fagada a ƙasar Kabi, wanda duniya ta sani da makaɗin ɓarayi. Har su kan ce agogon nan mai yanka ƙarfe da alƙalami mai fashewa da a ke ba Bond kafin ya tashi, ba su da bambanci da layar zana da baduhu, sai dai waɗancan a ma'aikata a ke ƙera su.

Gaskiya ɗaci gare ta. Ta fuskar kama, babu wanda ya dace kamar Gambu. Amma malaman makaranta da yawa sun ƙi wannan magana ƙememe, kuma mun ga dalilinsu. Gambu kansa ya bar wannan kiɗa kafin rasuwarsa. Sa'an nan a shekarun nan da 'yan bindiga su ka addabi Zamfara da gabashin Sakkwato, an ji waƙoƙin yabon shugabanninsu suna yawo a wayoyin yara. Wanda aka kore shi daga ƙauyensa a ƙasar Isa ko Sabon Birni ba zai ga abin raha ba a cikin kiɗan da ke zuga mai shiga gidan mutane da dare, ko da kwat ya sa.

Mu dai, in an tilasta mana zaɓe, Ɗan Anace za mu ba, makaɗin Shago. Mun san za a ce dambe a fili a ke yinsa, gaba da gaba, Bond kuwa ta baya ya kan zo. Haka ne. Amma a duba waƙoƙin Bond da su ka daɗe a bakin mutane, za a tarar ba sata ce cikinsu ba, mutuwa ce. Sunayen finafinan ma sun isa shaida, kalmar mutuwa da kisa sai maimaituwa su ke yi, har a na 2021 aka kashe Bond ɗin kansa. Ɗan Anace kuwa a nan ya fi kowa. Yana yi wa ɗan dambensa zancen kabari da ajali a daidai lokacin da ya ke tura shi fage, ga kalangu yana kuka, ga murya mai kaushi wadda ba ta roƙon tausayi. Abin da Shirley Bassey ta yi da ƙahonni 4 ko 5 a bayanta, shi da ganga ɗaya a hammata ya ke yinsa. Masu cewa a ba Mamman Shata, domin ba abin da bai yi wa waƙa ba, ba su yi ƙarya ba, amma mutumin ƙasar Katsina ne, mu bar wa Katsinawa su yi tasu gardamar.

Akwai wata magana da dattawa su ka jefo, wadda ta sa majalisa ta kan yi tsit. Su ka ce, Bond ɗin nan wa ya ke yi wa aiki? Gidan sarautar Ingila. To, ƙasar nan ta taɓa ganin masu irin wannan aiki da idonta. Kafin Lugga ya turo sojansa, sai da ya turo masu leƙe, 'yan ƙasa masu shigar fatake, suna ƙirga dawaki da bindigogi suna auna ganuwa. Rahotannin ɗaya daga cikinsu, Adamu Jakada, na tsakanin 1899 da 1901, suna nan a rubuce, masana tarihi sun buga su. Ran 15 ga Maris 1903 aka yi karo a Giginya, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Dattawan su ka ce, makaɗin Sakkwato da zai ɗaura kalangu ya yi wa ɗan leƙen asirin Ingila kirari, sai ya fara tunanin abin da zai gaya wa kakanninsa. In ana son fim na asiri mai kiɗan Hausa, ga labari nan a gida, da jakadu da wasiƙu da cin amana, ba a taɓa shi ba.

Saura zancen kuɗi, wanda akawuna ba su mantawa da shi. Monty Norman ya ci moriyar ɗan takensa har ya rasu a 2022, kuma ya kai wata jaridar Landan ƙara don ta ce ba shi ya tsara ba, a 2001 kotu ta ba shi fam 30,000. Namu kuwa duk waɗanda mu ka ambata sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu. Muryoyinsu na cikin tsofaffin faya-fayen gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato, da kasa-kasai da wayoyi, kowa na kwafa yadda ya ga dama. Da a ce gobe wani kamfani zai aiko yana son minti 3 na Ɗan Anace, wa zai sa hannu a takarda, wa kuma za a ba kuɗin? Ya kamata hukumar raya al'adu ta jiha da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da magadan makaɗan nan a rubuta wannan tun ba a zo nema ba.

Wanda ya ga mun zalunci makaɗinsa, ya rubuto wa Edita, amma ya zo da hujja, kuma kada takardar ta wuce shafi ɗaya.