Magance Ƙurajen Balaga ta Hanyar Haske da Matsalar Sunansa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar ƙurji, wadda jam'inta shi ne ƙuraje, tana da faɗin ma'ana a Hausa, domin ta ƙunshi maruru da ƙazuwa da abin da kan feso a jiki lokacin ƙyanda. Daga cikinsu akwai ƙurajen balaga, wato waɗanda kan fito wa samari da 'yan mata a fuska da ƙirji da gadon baya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda likitocin fata ke amfani da haske wajen magance masu kumburi daga cikinsu, sannan a duba sunan da ya dace da wannan hanya a Hausa, kasancewar gurɓataccen suna yana iya kai majinyaci ga cutar da kansa.

2.0 Asalin Ƙurajen

A gindin gashin fata akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan mutum ya balaga, sai maiƙon ya ƙaru, ya haɗu da matacciyar fata, su toshe ƙofar gashin. A nan ne wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda kafin 2016 ake kira Propionibacterium acnes, take samun damar hayayyafa, domin ta fi son inda iska ba ta shiga. Da garkuwar jiki ta tasar mata, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Wannan shi ne nau'i mai kumburi, kuma shi ya fi barin tabo.

3.0 Yadda Hasken ke Aiki

Jinya da haske ba sabon abu ba ne. Tun a 1903 aka ba Niels Finsen na ƙasar Denmak lambar yabo ta Nobel saboda magance tarin fuka na fata da haske. Game da ƙurajen balaga kuwa, sirrin yana ga ita ƙwayar cutar. Tana samar da wani sinadari, fofirin, wanda ke zuƙar shuɗin haske mai tsawon zango kimanin nanomita 415. Da ya zuƙe shi, sai ya haifar da wani nau'in iskar oksijin mai kaifi da ke hallaka ƙwayar daga cikinta. Sai dai shuɗin haske ba ya nutsewa da nisa cikin fata. Jan haske, mai zango tsakanin nanomita 630 zuwa 660, ya fi shi kutsawa, kuma yana kwantar da kumburi. Dalili ke nan da ya sa akan haɗa su.

A wani bincike da aka buga a Ingila a 2000, an gwada mutum 107 na tsawon mako 12, inda waɗanda aka haɗa wa shuɗi da ja suka sami raguwar ƙuraje masu kumburi da kashi 76 cikin ɗari. Akwai kuma hanyar da akan shafa wani magani tukuna don ƙara yawan fofirin, sannan a haska; wannan ta fi ƙarfi, amma tana da raɗaɗi da saɓar fata.

4.0 Iyakar Amfaninsa

Duk da haka, hasken ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. A 2016 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 71 a kan wannan fanni, ta kuma nuna cewa ingantattun hujjoji sun yi ƙaranci. Haka nan shuɗi da jan haske ba su cika buɗe ƙofar gashi da ta toshe ba, saboda haka ƙurajen kan iya dawowa. Abin da ya fi shafar baƙar fata shi ne tabo: kumburi kan bar mata duhu na watanni, kuma an tabbatar shuɗin haske da kansa yana iya ƙara wa irin wannan fata duhu. Ido ma yana buƙatar kariya. A 2019 an janye wani abin rufe fuska mai fitila na Neutrogena daga kasuwa saboda fargabar lahani ga idanun wasu mutane.

5.0 Matsalar Suna

Mai fassara zai iya gaggawar cewa "maganin haske". To amma ginin "maganin kaza" yana ɗaukar ma'ana uku a Hausa. A "maganin sauro", abin da ake kawarwa ake nufi. A "maganin ƙarfi", abin da ake nema. A "maganin gargajiya" kuwa, tushen maganin. Tun da a zancen fata "haske" na nufin farin launi, kunnen Bahaushe zai kai shi ga ma'ana ta biyu, wato man bilicin. Wannan kuskure yana da haɗari, domin da yawa daga irin waɗannan mayuka na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda shi kansa yana haddasa ƙuraje.

"Gashi" ma bai dace ba, domin yana nuni ga zafi, alhali aikin na launin haske ne. Wanda ya ji "gashi" yana iya shanya fuskarsa a rana, tabon ya ƙara baƙi.

Mafita ita ce amfani da harafin "da" mai nuna kayan aiki, kamar a "yanka da wuƙa", tare da ambaton launi: "jinya da shuɗin haske" ko "jinya da jan haske". Ambaton launin shi ke raba shi da hasken fata da kuma hasken rana.

6.0 Kammalawa

An ga cewa haske yana rage ƙuraje masu kumburi, amma mataimaki ne ga sauran magunguna, kuma a hannun likita ya kamata ya kasance. An kuma ga cewa ƙirƙirar kalmomin kiwon lafiya ba ta tsaya ga daidaiton nahawu ba. Wajibi ne a auna abin da mai sauraro zai fahimta, da kuma abin da zai je ya aikata bayan ya ji.