GADO YA YI KAƊAN, KADA KU YI JINKIRI

Ya ku iyaye mata! Taɓin hankali ciwo ne, kuma yana da magani.

Sai dai gadajen kwantar da masu wannan ciwo ba su da yawa. Daga Anka, Gummi ko Bukkuyum, in abu ya yi tsanani, sau da yawa sai an dangana da asibitin Kware a Jihar Sakkwato. Ga nisa, ga kuɗin mota, ga barin yara a gida. Wani lokaci ma a je a tarar ba gado.

Wanda aka kai da wuri, galibi magani za a ba shi ya sha a gida.

Ku sa ido kan mai jego, musamman mako 2 na farko. In ta daina barci, tana sambatu, ko tana ƙin jaririnta, kada a jira arba'in. A kai ta asibiti mafi kusa a ranar. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri.

Ban da duka, ban da ɗauri. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta hana sa mari.

Bayan sallama, kada a bar magani sai likita ya ce.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.