Ɗaukewar Wuta a Motar Tsere: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Kalmar "ɗauke wuta" ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Tun zamanin NEPA ake faɗin ta, har ta kai Bahaushe kan ce wane ya ɗauke wuta idan wani labari ya daskarar da shi ya kasa cewa uffan. To, mota ma tana ɗauke wuta. Wannan maƙala za ta duba nau'in da ya fi wahalar da makanikai, wato wanda ke zuwa na ƙiftawar ido ya wuce, a daidai lokacin da motar da aka ƙara wa ƙarfi take tsaka da tsere.

Tseren da ake nufi shi ne wanda motoci biyu ke jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya, su figa daga tsaye, a ga wadda za ta riga cinye rubu'in mil, wato mita 402. A Amurka ya bunƙasa, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a raba matasa da tsere a kan titi, a mayar da su filin da aka keɓe. A Abuja kuwa, faɗin tituna da santsin kwalta sun daɗe suna jan hankalin samari masu wasa da mota, har 'yan sandan birnin sun sha yin gargaɗi a kan haka, kuma da gaskiyarsu, don titin jama'a ba fagen tsere ba ne. Amma ko a ina aka yi gudun, idan mota ta fara wannan hali, a hannun mai wayarin take ƙarewa, a Apo ko wani garejin.

Me Ya Sa Sai a Wurin Tsere?

Mai mota zai rantse cewa ya je Kaduna ya dawo ba ta yi ko tari ba. Gaskiya ya faɗa. Ranar wanka ce ba a ɓoyon cibi. Motar da ta kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 5, duk abin da ke cikinta ana fizgar sa baya da ƙarfin da ya haura rabin nauyinsa. Batir mai kilo 18 da ba a ɗaure ba zai ja wayoyinsa tamkar an rataya musu kilo 10. Shi kansa injin yakan murɗa a kan mazauninsa idan aka sake kuloci da ƙarfi, ya janyo duk wayar da ta yi gajarta. Ga girgiza, ga zafi, sannan ga buƙatar wuta da ta ƙaru: injin mai silinda huɗu da ke juyi 6,000 a minti yana neman tartsatsin fulogi sau 200 a kowace daƙiƙa.

Ita kuma motar da aka yi wa gyaran gudu an riga an ɗora mata kayan da kamfani bai san da su ba: babban famfon mai, ƙarin fanka, wani lokaci har da na'urar kiɗa mai cin wuta. Sau da yawa a jikin tsofaffin wayoyin 'yar Kwatano ake maƙala su, a murɗe da hannu a naɗe da salatif.

A Fara da Bakin Direba

A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne garzayawa kasuwar Gudu ko Zuba a sayo kwayil, a sayo fulogi, in abin ya ƙi a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙwararren mai wayarin kafin ya ɗaga bonet sai ya tambayi direba: me ka gani a dashbod lokacin da abin ya faru?

Idan komai ya mutu, fitilu da rediyo da allurai, sannan suka dawo allurai na shara kamar yanzu aka murɗa ki, to matsalar tana babbar hanyar wuta: kan batir, babban fiyus, wayar at, ko makunni. Idan fitilu na nan amma allurar juyin inji ta faɗi sifiri nan take alhali mota na cikin giya tana tafiya, a tuhumi na'urar da ke ƙirga juyin karanshaf, ko rilen da ke ba ƙwaƙwalwa wuta. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna wajen tsagewar dalma a cikin irin wannan rile, musamman in ya ɗau zafi. Idan kuwa allurar ba ta faɗi ba, injin ne kawai ya shaƙe ya farfaɗo, mai yiwuwa ba wuta ba ce sam. Fetur ne ya kwarara bayan tanki ya bar famfo yana zuƙar iska. A cika tanki a sake gwadawa. In ta daina, an huta.

Kada a raina makunni. A 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makunninsu kan juya da kansa idan mota ta girgiza ko an rataya wa ki tarkace masu nauyi. Injin ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 a dalilin haka.

Awon da Ke Tona Asiri

Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, ya koma wajen 14 idan altaneta na caji. Sai dai wannan awo ba ya kama ɓarawon da muke nema. Wayar da ta tsintsinke saura sili biyu za ta nuna 12.6 ɗin nan daram, muddin ba a ɗora mata kaya ba. Dabarar ita ce a auna wutar da ke salwanta a hanya. A tayar da inji, a kunna fitilu da fanka da duk wani mai cin wuta, sannan a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na nagatif, ɗayan a jikin inji. Abin da ya kamata a gani bai wuce 0.2 ba. Lissafin mai sauƙi ne: tsatsar da ta hana wuta wucewa da om 0.05 kacal, idan amfiya 60 ta bi ta kanta, bolt 3 ne suka tafi. Wutar da ta baro altaneta tana 14 sai ta iso tana 11, kwayil ya raunana daidai lokacin da aka fi buƙatar sa.

Ana cikin awon sai wani ya riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa akwatin fiyus da ƙotar sukundireba. Wayar at da ta haɗa inji da jikin mota ita ce aka fi mantawa, musamman bayan an sauke inji ko an yi fenti. Fenti ba ya wuce da wuta. Dole a kankare har ƙarfe ya fito. Damina a Abuja ga laima mai sa kan batir ya yi kore, hunturu ga ƙurar da ke haɗuwa da baƙin mai ta daskare a mahaɗa.

Ana yawan zargin altaneta, kuma gaskiya ne fambel na iya zamewa idan juyi ya yi yawa. Amma batir mai ƙarfi zai riƙe mota na 'yan daƙiƙun tsere ko da caji ya tsaya. Saboda haka in ta mutu ɗif, a nemi inda ya saki, ko batirin da ya karye ta ciki.

Masu tsere kan mayar da batir but domin nauyi ya danne tayoyin baya, kamar yadda BMW E46 take zuwa tun daga kamfani. Nan ma akwai tarko. Doguwar waya na buƙatar kauri, ga kasuwa cike da ta alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar kaya kamar ta gaske. Dokar NHRA ta ce duk wanda ya sauya wa batir wuri sai ya sa makashi a bayan mota, wanda ma'aikatan ceto za su iya kashe komai da shi daga waje. Mai araha daga cikin irin wannan makashi shi kansa yakan saki idan ya sha girgiza.

Idan duk an bi ba a kama komai ba, akwai na'urar karanta laifi da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda motocin kasuwar Amurka ke da ramin ta tun 1996. Lamba P0562 na nufin wuta ta yi ƙasa, P0335 kuma na nuni ga na'urar karanshaf. Sai dai ƙwaƙwalwar da wuta ta yanke mata gaba ɗaya ba lallai ta tuna abin da ya same ta ba. A nan tsohuwar dabara ta fi: a jawo waya daga inda ake zargi, a haɗa ƙaramin ƙwan fitila a dashbod, a kafa wayar salula tana ɗaukar bidiyonsa, a gwada motar a filin da ba kowa. In ƙwan ya ƙifta, laifin na tsakaninsa da batir, sai a matsar da shi mahaɗa ta kusa da batir a sake gwadawa. In bai ƙifta ba alhali mota ta ɗauke, a matsa da shi gaba, wajen ƙwaƙwalwa da kwayil da famfon mai.