Gaskiya ko Jita-jita: Tsohon Kare Mai Tari da Zancen Ciwon Daji

A Mashi da ƙauyukanta, kare ba ɗan ɗaki ba ne, ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke, shi ke kwana a bakin rumbu, shi ke gaba idan rani ya yi mafarauta sun nausa daji. Wani dattijo maharbi da muke zaman majalisa tare yana da irin wannan kare, ya haura shekara goma, bakinsa ya yi furfura. Tun shigowar hunturu ya kama wani busasshen tari, ya rame, gudu kaɗan sai haki. Da aka kai shi asibitin dabbobi aka ɗauki hoton ƙirjinsa, sai ga ƙari a huhu. Kafin dattijon ya iso gida, shawara ta riga shi isowa, kowa da tasa. Su ne na tattara don mu auna su.

Ta farko ita ce mafi haɗari. Wasu suka ce ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu a ciro. Wasu suka ce hauka ce ke tafe, a kashe shi tun bai ciji wani ba. Duka biyun jita-jita ne game da wannan karen. Ciwon haukan kare ba ya jan lokaci: daga ranar da alamunsa suka bayyana, da wuya dabbar ta wuce kwana 10 da rai. Karen da ya yi wata uku yana tari, yana gane mai shi, yana shan ruwa, ba wannan ciwon ke damunsa ba. Sai dai akwai wata gaskiya a ɓoye cikin zancen ƙashin. Mahaukacin kare yakan yi kamar wani abu ya shaƙe shi, baki a buɗe, miyau na dalala, domin ciwon ya kashe masa maƙogwaro. Wanda ya zura hannu neman ƙashi a irin wannan baki ya sayi ajalinsa da araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kada ka sa hannu a bakin karen da ya canza hali dare ɗaya. In kuwa ya cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka nufi asibiti a ranar.

Wani kuma ya ce duk tsohon kare mai tari daji ne da shi. Wannan ma ba haka ba ne. Dajin da ke fara tsirowa daga huhun kare ba kasafai ake samunsa ba, bai wuce kashi 1 cikin 100 na ciwon dajin karnuka ba, kuma yawanci sai kare ya kai shekara 10 ko 11. Ciwon zuciya, tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, da sanyin haƙarƙari duk suna sa tari, wasunsu kuwa suna jin magani. Abin da ya fi yawa shi ne dajin da ya taso daga wani wuri, kamar nonon karya ko ƙashi, ya bi jini ya yada zango a huhu. Shi ya sa likitan kirki yake lalube jikin kare gaba ɗaya, ya ɗauki hoton ƙirji ta dama, ta hagu da ta ƙasa. Wani abin mamaki, kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan da ke da ƙarin huhu ba sa nuna alamar komai, sai an je neman wani abu a yi kiciɓis da shi. Wani kuma ƙafafunsa ne za su kumbura su yi zafi, a yi ta ɗorin targaɗe alhali ciwon yana ƙirji.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta daɗe tana cin rayukan mutane kafin a zo kan karnuka: wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata. Kowa a ƙasar Hausa ya san wannan zance, kuma na san inda ya samo ƙarfinsa. Ana ɓoye ciwo ana shafe-shafe har ya ci jiki, sannan a je asibiti, a yanka, mara lafiya ya rasu, sai a ce ai wuƙa ce. Ba wuƙa ba ce, jinkiri ne. Huhun kare sassa-sassa ne, huɗu a dama, biyu a hagu, kuma ana iya cire sashe guda dabba ta ci gaba da numfashi lafiya. Idan ƙarin guda ɗaya ne, ƙarami, bai kai ga kaluluwar da ke ƙirji ba, karnuka da yawa sukan ƙara shekara ko fiye bayan aikin. Idan ya riga ya kai can, zance ya koma na makonni ko 'yan watanni. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, buɗe ƙirjin kare ba aikin kowane asibiti ba ne. Sai dai a tuntuɓi manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Manomin da ke lissafin kuɗin taki, in ya ce ba zai iya ba, ni ban ga laifinsa ba. Laifin shi ne ya ce ƙarfe ne ya hana shi.

Uwargidan dattijon kuwa tsoronta jikoki, kada su ɗauka. Dajin huhu ba ya tsallakawa daga kare zuwa mutum, ko zuwa wani karen. Amma mafarautan da suka rantse sun ga daji ya bi karnuka ɗaya bayan ɗaya ba ƙarya suke ba. Akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar kare, ana ɗaukarsa wajen barbara, yana kuma da yawa a inda karnuka ke yawo sakaka. Wannan daban ne, ba ya kama mutum, kuma allurar Vincristine mako-mako, sau huɗu zuwa shida, takan warkar da shi. Ga daji, ga allura, ga waraka.

Zancen cewa hayaƙi ne ya jawo masa fa? Rabi da rabi. Wani bincike na Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka da aka wallafa a 1992 ya ga 'yar alaƙa mara ƙarfi tsakanin hayaƙin sigari na cikin gida da dajin huhu a karnuka masu gajere ko matsakaicin hanci. Namu dogon hanci gare su. Duk da haka, huhun da ya riga ya kamu ba ya buƙatar hayaƙin murhu ko ƙurar hunturu, a matsar da makwancinsa.

Inda na fi jin takaici shi ne maganin tausayi. Ɗaya ya kawo tafarnuwa, tunda ita muke sha in mura ta kama mu. Ɗaya ya shiga kemis ya sayo Ibuprofen da Diclofenac. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ibuprofen da Diclofenac kuma suna huda masa ciki, su lalata ƙoda. Akwai magungunan rage zafi da na kwantar da tari da suka dace da kare, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyinsa ya rubuta. Abin da ke hannun mai kare shi ne inuwa, ruwa mai tsabta, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, a kwance masa igiyar wuya, a kuma sallame shi daga farauta. Idan yana barci, ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Lafiyayye ba ya wuce 30. In adadin yana hawa kullum, ko ya kasa kwanciya sai tsaye da miƙaƙƙen wuya, ko dasashinsa ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, wahala ta kai maƙura.

Da aka zo nan wani matashi ya ce, "Baba, kare ne fa, a kai shi bayan gari a sake shi." Dattijon bai tanka ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta riƙon kare don farauta da gadin dabbobi da shuka, kuma tun muna makarantar allo muke jin labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban san wani malami da ya halatta a yasar da dabba yunwa ta ƙarasa ta ba. Likitocin dabbobi suna da allurar da ke kawo ƙarshen wahala cikin barci. Wanda zuciyarsa ke wasiwasi a kanta, ya ji ta bakin likita, ya ji ta bakin malaminsa, amma ya yi hakan tun karen yana iya ɗaga kai ya sha ruwa.