BUGUN TUFA DA ITACE: Bayani Domin Hakimai da Magatakardan Ƙasar Gwarzo da Kabo

Tun kafin a san dutsen guga a ƙasar Hausa mutane su ke sa tufa mai santsi da ƙyalli, kuma da itace su ke samun wannan, ba da wuta ba. Sunan sana'ar bugu, wurin da a ke yinta shi ne mabuga, masu yinta kuwa 'yan bugu. Kayan aikinta biyu ne tak, watau gungume wanda a ke girkewa a ƙasa, da guduma ta itace wadda a ke riƙewa a hannu.

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu saboda dalili biyu. Na fari, su ne suka fi kowa ajiye manyan riguna, waɗansu ma na gado ne da ba a samun irinsu a kasuwa, guga ɗaya na rashin sani kuwa ya isa ya ɓata aikin da aka yi watanni ana yi da allura. Na biyu, gabansu a kan kawo ƙara idan mai riga ya saɓa da mai wanki, ko maƙwabta sun gaji da ƙarar mabuga, ko masassaƙi na neman itacen da zai sara. Wanda bai san yadda aikin ya ke ba, sulhun zai yi masa wuya.

ASALIN SANA'AR

Masaƙin Hausa ba ya saƙa tufa mai faɗi. Ziri-ziri ya ke saƙawa, sa'an nan maɗinki ya harhaɗa su gefe da gefe har su zama riga ko zane ko rawani. Babbar riga guda ta kan ci ziri masu yawan gaske, ko wane mahaɗi kuwa ɗinki ne wanda ke tashi kamar kunya a gona. In ba a kwantar da waɗannan ɗinkuna ba, rigar ba ta zama a jiki, ta kan yi ta cije wa mai ita kafaɗa. Saboda haka bugu ya taso tare da saƙa da ɗinki da rini, ba a raba su.

A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ƙiyasta tufar da ƙasar Kano ke sayarwa waje ba ta gaza ta wuri miliyan 300 a shekara ba, ya kuma rubuta cewa ko wace rijiyar rini tana biyan kuɗin karofi wuri 700. Garuruwa irin su Kura da Dal da Zarewa sun yi suna wajen rini, Kura kuwa ita ce uwar turkuɗi, watau baƙar tufar nan mai ƙyalli wadda Buzaye ke naɗawa. Ƙyallin turkuɗi ba daga rijiyar rini ya ke fitowa ba, a mabuga a ke samo shi. Bayan an rina, sai a barbaɗa garin shuni da ɗan kitse, a yi ta bugu har shunin ya shige cikin zare, tufar ta koma tana walƙiya kamar ƙarfe, sa'an nan a naɗe ta cikin takarda don kada ta dushe a hanya.

Ƙasar Gwarzo da Kabo tana yamma da birni, kan hanyar da ta bi ta Dayi ta shiga ƙasar Katsina, kuma wuri ne da aka daɗe ana noman auduga. Inda auduga ta ke, nan kaɗi da saƙa su ke, nan kuma a ke bukatar bugu. Abin da ya raunana saƙar hannu sananne ne. A 1897 aka fara sayar da shunin da a ke haɗawa a masana'antar Jamus, yadin Ingila ya cika kasuwa, a 1957 aka buɗe babbar masaƙar Kaduna, daga baya kuma yadin Sin ya zo ya kayar da masaƙun gida su kansu. Amma bugu bai mutu tare da saƙa ba, domin shadda ta riƙe shi. Har yanzu mai shadda mai tsada ya fi son a kai ta mabuga bisa a ɗora mata ƙarfe.

Ba Hausawa kaɗai suka gano wannan dabara ba. A Bamako ta ƙasar Mali ana bugun shadda da guduma, matan Koriya da na Japan sun daɗe suna bugun tufa da itace, a ƙasar Ailan kuwa injin ruwa aka ƙera wanda ke ɗaga gudumomi yana sakinsu bisa yadin lilin.

DALILIN DA YA SA ITACE KE KWANTAR DA TUFA

Zaren auduga kewayayye ne, kuma akwai ƙananan ƙofofi tsakanin zare da zare. In haske ya sauka bisa irin wannan tufa sai ya warwatse, shi ya sa sabuwar wankakkiyar riga ba ta ƙyalli. Idan guduma ta sauka, sai zaren ya baje, ƙofofin su toshe, fuskar tufar ta zama bai ɗaya, hasken kuwa ya dawo wa ido gaba ɗaya. Wannan shi ne ƙyallin bugu. Ba fenti ba ne, saboda haka wanki na gaba zai tafi da yawancinsa, zaren ya sake kumbura. Ya kamata a riƙe wannan, gama a kan sami mai riga ya zo da ƙara wai an cuce shi tun da ƙyallin bai wuce wanki ɗaya ba, alhali kuwa haka al'amarin ya ke.

Sai batun laima. Busasshiyar auduga tauri gare ta, in an danne ta sai ta miƙe ta koma yadda ta ke. In ta ɗan sha laima sai ta yi laushi ta karɓi siffar da aka ba ta, in kuma ta bushe a cikin wannan siffa sai ta zauna a kai. Busasshen itace yana tsotse laima a hankali, kuma ba ya ƙona zare. Ƙarfe mai zafi kuwa, musamman dutsen guga na gawayi wanda ba a iya auna zafinsa, ya kan babbake sitaci, ya bar tabo ja, wani lokaci tartsatsi ya faɗo ya huda rigar.

YADDA A KE BUGU

Gungumen ya zama na itace mai nauyi da tauri, irin su kirya ko maɗaci ko kaɗanya, wanda ya bushe sarai, ba tsaga, ba ƙulli a samansa. Rimi da kuka ba su yi, gama taushi gare su. Itacen da ke zubar da ƙaro shi ma a guje shi. A kan binne ƙasan gungumen don kada ya yi rawa, a kankare samansa har ya yi sumul. Gudumar ita ma haka, kai mai kauri, mariƙi gajere. Ko ɗan tsini kamar ƙwayar gero a fuskarta ya isa ya yanke zare a duk inda ta sauka, don haka gwanin bugu ya kan shafa ta da tafin hannu kafin ya fara.

A wanke tufa, a tsoma ta a ruwan sitaci ko na ƙaro gwargwadon taurin da mai ita ke so, a shanya. In ta bushe sai a yayyafa mata ruwa kaɗan, a naɗe a ajiye ɗan lokaci don laimar ta game ko'ina. A nan ne gwaninta ta ke. In ruwa ya yi yawa tufar ta kan manne wa itace ta kwashi datti, in ya yi kaɗan sitacin ya farfashe ya tashi kamar gari. Sa'an nan a ninka ta bisa tsawon zare, a shimfiɗa a gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ana jan tufar kaɗan-kaɗan don kada bugu ya taru wuri guda. A juya, a sake ninki, a ci gaba har ta bushe a ƙarƙashin guduma.

Wurin aska da sauran aikin wuya ba a yi masa bugun kai tsaye. A kifa shi ciki, ko a rufa masa wani ƙyalle mai tsabta, a sassauta hannu. Zaren tsamiya da alharini na tsofaffin riguna ya kan tsinke in an matsa masa, kuma aikin da aka yi don ya taso ba a son ya kwanta. Maɓalli da zif a cire su, ko a kauce musu. Tsohuwar rigar da zarenta ya fara ruɓewa kada a kai ta mabuga ko kaɗan, a ninka ta a danne da abu mai nauyi ya wadatar. Yadin roba kuwa, wahala ce kawai, ba ya karɓar bugu kamar auduga.

KATAKON MAƊINKI

Akwai ƙanen wannan aiki wanda ya dace da telolin kasuwar Gwarzo da Getso da Garo, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Telolin Ingila masu ɗinkin kwat sun daɗe suna ajiye wani guntun katako mai tauri kusa da dutsen guga, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, kaurinsa ya cika hannu. Ba a shafa masa fenti ko mai, domin in an toshe ƙofofin itacen ba zai sha laima ba.

Ga yadda a ke yi. Idan tela ya gama ɗinki sai ya buɗe shi ta ciki, ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, ya danna dutsen guga har tururi ya tashi. Da ɗage ƙarfen, nan take sai ya ɗora katakon ya danne da ƙarfi, ba tare da gogawa ba, ya bar shi har wurin ya huce. Katakon ya tsare zafin a cikin tufa ya kuma shanye tururin, sai ɗinkin ya kwanta lif, kalmasa ta fito da kaifi, kuma ba a bar ƙarfe ya daɗe har ya ƙona ba. Ya fi amfani a wuyan kaftani, da bakin aljihu, da duk inda yadi ya ninku sau uku ko huɗu. Masu haɗa guntayen yadi su yi abin rufa ko shimfiɗa su ma yana yi musu rana, gama a mahaɗar kusurwa huɗu ɗinki ya kan yi tudu. Ko wane kafinta zai iya fitar da shi daga ragowar maɗaci.

LIFIDI

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Yaƙi da doki ya wuce, amma lifidi ya saura a hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Lifidi tufa biyu ne aka cusa audugar rimi tsakaninsu, aka bi da ɗinki layi-layi don kada ta taru gefe guda.

A nan dokar bugu ta juye. Silin audugar rimi rami gare shi a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi, amma saurin karyewa gare ta. In aka yi wa lifidi bugun riga, audugar za ta murƙushe ta zama ƙura, kaurin da ke tare jikin doki ya tafi. Saboda haka ɗinkunan tufar waje a ke kwantarwa da katako tun kafin a cusa auduga. Bayan an cusa, iyakar abin da a ke yi shi ne a shanya a rana, a kakkaɓe da sanda marar nauyi. Wanda ke kula da kayan dawakin hakimi ya kamata a gaya masa wannan tun kafin watan azumi ya ƙare.

ABIN DA KAN ZO GABAN HAKIMI

Idan aka kawo riga da ta lalace, a duba irin ɓarnar. Tabo ja ko rami mai baƙin gefe aikin wuta ne. Yanka ƙanana da suka jeru a layi ɗaya, tsini ne a guduma ko tsaga a gungume, wannan kuwa sakacin mabuga ne. Yagewa a kan tsohon ninki, inda launi ya riga ya koɗe, tsufan tufa ne, bai kamata a ɗora wa ɗan bugu ba, sai fa in ya ga halin rigar ya karɓa bai faɗa ba. Zai rage gardama in magatakarda ya shawarci masu mabuga su riƙa buɗe riga gaban mai ita kafin su karɓa.

Ƙarar guduma tana kai wa nesa. Gara a daidaita lokacin aiki da maƙwabta, a bar tsakar dare da lokutan salla, a nisanta sabuwar mabuga daga asibiti da makaranta, da a kori masu sana'ar daga gari.

Batun itace ya fi duka nauyi. Kirya da maɗaci da kaɗanya ba su girma da sauri, masu gawayi da masu turmi kuwa duk su su ke nema, har sun yi ƙaranci a dazukan yammacin Kano. Gungume mai kyau ya kan yi shekaru masu yawa yana aiki in an tsare shi daga ruwan sama da gara, in samansa ya yi kaushi kuwa kankarewa a ke yi, ba jefarwa ba. Masassaƙin da ya zo neman sabo a tura shi wurin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma, a fara duba itacen da iska ta kayar ko wanda aikin hanya ya tumɓuke, kuma magatakarda ya rubuta sunan dagacin da itacen ke ƙasarsa, da irin itacen, da ranar da aka ba da izini.