Muryar Da Ta Dishe Bayan Fiɗa

A ƙauyenmu, tsakanin Kabo da Gwarzo, akwai wani dattijo wanda shi ke ta da waƙa a sujada tun ina yaro. Bara tuwo ya soma tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga baya ko fura da ƙyar take wucewa. Likitoci suka ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Aka yi masa fiɗa, aka yanke wurin, aka jawo tumbinsa sama aka haɗa. Ya komo gida da ransa, amma murya ta dishe, sai ka kara kunne kafin ka ji shi. Nan da nan magana ta bazu: waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu suka ce likita ne ya yi ganganci.

Ya ku masu karatu, ga yadda abin yake. A cikin zakaran wuya akwai tantani biyu masu buɗewa idan muna numfashi, su haɗu idan muna magana. Kowanne yana da jijiyar da ke motsa shi. Abin mamaki, jijiyar nan ba ta bin gajeriyar hanya. Sai ta gangara ƙirji tukuna, ta hagu ta zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jini da ke fitowa daga zuciya, sa'an nan ta sāke hawowa tana manne da hanyar abinci. A jikin raƙumin dawa tsawonta ya wuce mita 4! Tun ƙarni na 2 wani likita mai suna Galen ya nuna aikinta a birnin Roma: ya yanke ta a wuyan alade mai kuka, aladen ya yi tsit alhali yana ta shure-shure.

To, mai fiɗa dole ya bi ta gefen jijiyar nan, gama kaluluwar da ciwon ke yaɗuwa cikinta tana nan kewaye da ita. Ko bai yanke ta ba, ja kaɗan ko kumburi ya isa ya sa tantani ɗaya ya sandare. Ta hagu ta fi shan wannan wahala, don hanyarta ta fi tsawo. Wannan yana faruwa har a manyan asibitocin Ingila da Japan.

Mu dai hankalinmu yana kan waƙar da muka rasa. Ashe haɗarin yana cikin ƙwaryar ruwa. Tantanin nan su ne ƙofar hanyar iska. Idan ɗaya bai rufe ba, ruwa yakan zarce cikin huhu, ga shi tarin da zai fid da shi ba ƙarfi. Daga nan sai ciwon huhu, wanda yakan kashe mutumin da fiɗa ta riga ta cece shi. Matarsa ta lura yana ƙwarewa da ruwa da shayi, amma kunun gyaɗa mai kauri yana wucewa lafiya. Haka yake: abu mai kauri yana tafiya a hankali.

Saboda haka, uwargida, zaunar da shi sosai, kada ki ba shi kome a kwance. Kurɓi kaɗan kaɗan, ya sunkuyar da haɓa ya haɗiye, kada a sa shi hira yana ci. Idan zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya soma ƙara, kada a jira gari ya waye, a nufi Babban Asibitin Gwarzo.

Sau da yawa jijiyar da aka ja kawai takan farfaɗo cikin wata 6 zuwa 12. In ba ta farfaɗo ba, akwai dabara. Akan yi allura a cika tantanin da ya sandare, ko a tura shi tsakiya da ɗan ƙaramin aiki irin wanda Likita Isshiki na Japan ya bayyana a 1974. A tambayi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Dattijonmu yanzu wata 8 ke nan. Muryarsa tana kaiwa ƙofar zaure, ba ta kai bayan majami'a ba tukuna. Jikansa ke ta da waƙa, shi kuwa yana ba shi sautin farko a kunne.