Tocilar 'Yan Agaji a Birnin Zariya: A Fara Duba Batir Kafin Haske

Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana tsaka da sallar la'asar. Wannan da rana ne, ido na gani. Amma katangar ƙasa da ruwan Agusta ya jiƙa ba ta jiran gari ya waye. Idan ta faɗi da tsakar dare a wani lungu na Kwarbai ko Limancin Kona, inda motar kashe gobara ba ta shiga, ga kuma wuta an ɗauke, 'yan agaji da 'yan sintirin unguwa ne za su fara isa a ƙafa. Don haka idan irin wannan ƙungiya ta samu ɗan tallafi daga ƙaramar hukuma ko wani mai hali, sayen tocila ba ƙaramar shawara ba ce. A ganina, batir ya kamata a fara tambaya, ƙarfin haske ya biyo baya.

Dalili kuwa, adadin hasken da ake bugawa a kwali, wanda ake aunawa da lumen, na farkon kunnawa ne, lokacin da batir ke cike. Ko a ma'aunin FL1 da Amurka ta fitar a 2009, wanda kamfanonin kirki ke bi, ana ci gaba da ƙirga wa tocila lokacin aiki har sai haskenta ya koma kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Tocilar da aka rubuta mata awa shida tana iya dusashewa tun kafin rabin lokacin. Abin ya fi muni a wajen batir. Batirin litiyam da ake kira 18650, cajin da na gaskiyarsa ke ɗauka bai cika wuce 3,500 mAh ba, amma kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da rubutun 9,800. Ka ɗaga ɗaya a tafin hannu ka ji shi sakayau, ba nauyi. Manyan fitilun caji masu araha kuwa, da yawansu batirin dalma ne a ciki, an rufe shi ruf, kuma idan aka bar shi ba caji yakan mutu, fitilar ta bi shi. Abin da ya dace shi ne duk ƙungiya ta sayi tocila iri ɗaya mai batirin da ake cirewa, ta yadda wanda tasa ta mutu zai karɓi batir a hannun ɗan'uwansa nan take. A kuma ware wani kaso na kuɗin don batiran ajiya da ƙaramin faifan sola, a ajiye batiran a inuwa, domin zafin bazara na rage wa litiyam kwana.

'Yan sintiri za su ce su haske mai cin nisa suke so, wanda zai dallare ɓarawo daga nesa. Suna da gaskiya a filin bayan ganuwa, wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, kuma babbar tocila ɗaya ko biyu ta isa wannan. Cikin lungu kuwa bango na kusa, hasken da ya yi yawa dawowa yake ya kashe idon mai riƙe da shi, balle cikin hayaƙin gobara ko ƙurar ginin da ya rushe. Wanda ke janye azara daga kan mutum, ko yake ɗaure rauni, hannu biyu yake buƙata. Tocilar goshi ce tasa, mai matsakaicin haske.

Wasu kuma kan ce ai kowa na da fitila a wayarsa. Wayar ce dai za a kira asibiti da ita, bai kamata a ƙarar da cajinta wajen haska kwata ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa gara a sayi masu araha kowa ya samu. Lallai ɗan agaji ba fitila haɗari ne, amma tocilar da ruwa ya shiga a daren farko ta bar shi hannu rabbana a lokacin da aka fi buƙatarsa. A nemi alamar IPX4, wadda ke jure feshin ruwa, ko IPX7, wadda ke jure nitsewa mita ɗaya na minti 30. Kafin a biya kuɗin duka, a sayi guda ɗaya, a kunna ta bayan isha'i, a ga ko za ta kai asuba.